Igiyar da za ta riƙe maharbi a kan bishiya

A dazuzzukan da ke kewaye da Garwa, daga bakin Binuwai zuwa Faro, maharbin da ke kwanto a kan bishiya da mai ɗora amyar zuma haɗarinsu ɗaya ne: faɗowa, musamman wajen hawa da sauka.

Kada ka dogara da igiyar guga ta leda, domin zafin rana na cinye ƙarfinta. Ta rama kuwa damina ke ruɓar da ita. Nemi igiyar nailan mai riga a waje da zare a ciki, wadda ba ta miƙewa sosai, kaurinta milimita 10 zuwa 11. Idan tana da lambar EN 1891 nau'in A, tana jure nauyin kilo 2,200 kafin ta tsinke. Amma ka sani, ƙulli na rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan ƙarfi.

Ɗaura ta a jikin bishiyar sama da kanka, ba a busasshen reshe ba. Ka haɗa ta da ɗamarar da ke riƙe cinyoyi da ƙirji, domin igiya a ƙugu kaɗai na iya karya baya. Igiyar da ta soma tsefewa, a mayar da ita turken awaki.