Wa ke cewa a tafi likita?

Ɗaliban likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai kan fita karkara su yi aiki kafin su gama karatu. Wanda rabo ya kai shi Madawa, Buza ko Keita da damina zai tarar da ɗakin yara cike maƙil, zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun haɗu daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Tambayar da ke saurin fitowa daga bakinsa ita ce: "Me ya hana ki kawo shi da wuri?" Uwa ta sunkuyar da kai, shi kuwa ya ɗauka jahilci ne.

Ba ita kaɗai ya kamata a tambaya ba. A ƙasar Adar, da an kau da amfanin gona sai maza su tafi cin rani Najeriya, Abijan ko Libiya, wasu damina ma ba ta maido su gida. Matar tana hannun surukai. Kafin ta goya yaro ta fita sai an kira maigida a waya, sai uwar miji ta yarda cewa ciwon ya fi ƙarfin gida, sai an samo kuɗin babur ko amalanke. In kwarin Magiya ya kawo ruwa, sai a jira ya janye. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da na fiɗar haihuwa, amma kuɗin hanya da abincin mai jinya suna wuyan iyali. Jinkirin biyan asibitoci kuma ya sha jawo yankewar magani, a koma ba uwa takarda ta je ta saya.

Sai kuma yadda ake raba ciwo gida biyu, na likita da wanda ba na likita ba. Zazzaɓi ana yi masa ƙwayar mai tebur. Amma in yaro ya sanƙare, idanu suka juye, a wurin kaka wannan iska ce, maganinta rubutun malam ko turaren boka, alhali sau da yawa zazzaɓin ne ya hau kai, ciwon da kwana ɗaya ke iya raba rai da mutuwa a cikinsa. Amai da ƙin nono kan sa a kira wanzami ya cire belu, yaron da jininsa ya riga ya yi ƙasa ya ƙara zubar da wani. Mai cikin fari kuwa kunya ke rufe mata baki, ta ɓoye naƙuda har sai ta gagara. Ba ƙin asibiti suke yi ba. Bi da bi ake yi, kuma likita ne ke zuwa a ƙarshe.

Abin da ɗalibi ya fi jinkirin gani shi ne asibitin ma yana da tasa al'ada. Takarda da Faransanci, tsawa a bakin ƙofa, mai sanayya ya riga mai layi shiga. Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan sun bayyana wannan a littafinsu na 2003 kan asibitocin manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Uwar da aka taɓa yi wa faɗa don ta biya wurin boka, gobe za ta rantse ba a ba yaron kome ba. A ganina nan ne asarar ta fi muni, domin mai duba yaron ya rasa sanin jiƙon da aka ɗura masa da yawansa. Da ya ce, "Inna, me da me aka gwada a gida?" da ya ji duka.

Akwai abin da ke gwada ko al'ada ce ke tare hanya. A 2013 aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina a Nijar, kuma Madawa da Buza na cikin wuraren farko, da hannun ƙungiyar MSF. Wata-wata ake ba yara daga mai wata 3 zuwa mai wata 59, a cikin garinsu, ta hannun mutanen da aka sani. Babu kuɗin babur, babu jiran waya daga Abijan. Kakannin da ake cewa sun fi yarda da boka, da kansu suke riƙo hannun jikoki su kawo su wurin rabo.