Sabon edita a mujallar likitocin ƙwaƙwalwa: ina rabon majinyacin Banifandu?

Duk wanda ya zauna a wata fada ta unguwar Banifandu da ke birnin Yamai da marece, zai ga yadda ƴan kabu-kabu ke gilmawa a guje, mafi yawansu ba hular kwano. Idan tsautsayi ya gitta kai ya bugu da kwalta, Babban Asibitin Ƙasa ake dosa, ko kuma sabon babban asibitin da ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 2016. Abin da jama'a ba su cika sani ba shi ne, shawarar da likita zai yanke a daren nan, ko a buɗe ƙoƙon kai ko a dakata, tana da nasaba da abin da ya karanta a mujallun sana'arsa. Shi ya sa canjin shugabanci a irin waɗannan mujallu ya shafe mu, ko da a Amurka aka yi shi.

Mujallar Neurosurgery, wadda ƙungiyar likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ta Amurka ta fara bugawa a 1977, tana sahun gaba a wannan fanni. Daga 2009 zuwa 2021 ragamarta tana hannun Farfesa Nelson Oyesiku, haifaffen Najeriya da ya yi karatun likita a Jami'ar Ibadan kafin ya wuce Amurka. Da ya sauka, Farfesa Douglas Kondziolka na birnin New York ya gaje shi, masani kan ƙona ƙarin ƙwaƙwalwa da haske ba tare da yanka ba. Shi kuwa Oyesiku an ba shi shugabancin tarayyar ƙungiyoyin likitocin wannan fanni ta duniya.

To, me edita yake yi har ake damuwa da wanda ya hau kujerar? Shi ke zaɓen masanan da za su tantance kowane bincike, shi ke da maganar ƙarshe kan abin da za a buga, kuma shi ke nuna cututtukan da za a mai da hankali a kansu. Idan hankalinsa ya karkata ga na'urori masu tsada kaɗai, likitan Yamai ko Damagaram zai buɗe mujalla ya rufe bai ga matsalar da ke gabansa ba.

Ga misali guda. Iyaye da yawa sun san ciwon da ke tara ruwa a kan jariri har kan ya kumbura. Maganin da aka saba shi ne a dasa siririn bututu daga kai zuwa ciki domin ruwan ya riƙa sauka. A 2005, Dakta Benjamin Warf, wanda ke aiki a garin Mbale na Uganda, ya buga bincike a Journal of Neurosurgery da ya nuna cewa bututun ƙirar Indiya na dalar Amurka 35 yana aiki daidai da na dala 650. A shekarar ce kuma ya bayyana dabarar huda wa ruwan hanya a cikin ƙwaƙwalwa da na'urar leƙe, tare da ƙona sashen da ke samar da shi, ta yadda yara da dama ba sa buƙatar bututu sam. Da edita ya raina aikin don daga wani ƙaramin asibitin Afirka ya fito, da wannan ilimi ya daɗe bai iso mu ba. Yau har asibitocin Amurka sun ɗauki dabarar.

Afirka ma tana da tata mujallar, wato African Journal of Neurological Sciences, wadda aka kafa a 1982 ƙarƙashin Farfesa Renato Ruberti a Nairobi, daga baya ta koma hannun Farfesa Gilbert Dechambenoit. Tana karɓar rubutu da Faransanci da Ingilishi, abin da ya buɗe ƙofa ga likitocin ƙasashe irin Nijar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma a hukumar CAMES, wadda aka aza tubalinta a nan Yamai a 1968, sai ya nuna binciken da ya buga.

Masu rubutun kuwa akwai su. Farfesa Samuila Sanoussi yana cikin waɗanda suka kafa harsashin wannan tiyata a Nijar, Farfesa Aminath Kelani kuma ita ce mace ta farko a ƙasar da ta ƙware a kanta. A maƙwabta, Farfesa Bello Bala Shehu ya assasa cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Sakkwato. Sai dai hannun ya yi kaɗan. Wani bincike na 2018 ya ƙiyasta cewa a kowace shekara majinyata sama da miliyan 5 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba sa samun tiyatar da suke buƙata, kuma ana neman ƙarin likitoci kusan 23,000. Likitan da ya wuni a ɗakin tiyata, yaushe zai zauna rubutu? Idan ma ya rubuta, ga shingen Ingilishi, ga kuɗin bugawa da wasu mujallu ke nema wanda kan kai dubban daloli.

Don haka ma'aunin da za mu auna kowane sabon edita da shi a fili yake: ya yafe wa ƙasashe matalauta kuɗin bugawa, ya sa ƴan Afirka cikin masu tantancewa, ya ba raunin kai na haɗarin hanya da cututtukan jarirai gurbi. Mu ma da namu nauyin. Asibitocinmu su adana bayanan majinyata da kyau, Jami'ar Abdu Mumuni ta ware kuɗin bincike, mata masu shirin ɗaukar ciki su sha ƙwayar folik asid da ke rage haihuwar yara da buɗaɗɗen baya. Ɗan kabu-kabun Banifandu kuma, don Allah, ya sa hular kwano kafin ya tada babur.