Amfani da Kantar Ƙarfe Wajen Adana Amfanin Gona a Gida

Gabatarwa

Aikin manomi ba ya ƙarewa ranar girbi. Hatsin da ka sha wahalar nomawa yana iya lalacewa a cikin ɗakinka kafin damina ta zagayo, kuma sau da yawa ɓarnar daga ƙasa take farawa. Daɓen ƙasa da na siminti duka suna fitar da danshi, musamman da damina. Buhun da aka ajiye a kansu kai tsaye yana shan wannan danshi, sai hatsin da ke ƙasan buhun ya yi hunhuna. Wani nau'in hunhunar yana haifar da gubar afalatoksin a masara da gyaɗa, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A shekarar 2004, mutane 125 suka rasu a ƙasar Kenya sakamakon cin masara mai wannan guba. Kantar ƙarfe hanya ce mai sauƙi ta raba amfanin gonarka da ƙasa da bango, ta kuma bar iska ta riƙa ratsawa.

Dalilin zaɓen ƙarfe

Gara tana cin katako, ƙwari kuma suna ɓuya a tsagunansa su jira sabon hatsi. Ƙarfe ba ya ciwuwa ga gara, yana da sauƙin gogewa, kuma yana ɗaukar nauyi fiye da katako mai kaurinsa. Babban abokin gabarsa shi ne tsatsa. Saboda haka ka sayi wanda aka lulluɓe da sinadarin hana tsatsa, ko ka sa mai walda ya shafa masa fentin hana tsatsa kafin a yi fenti na sama.

Yadda za ka kafa kantar

1. Hawa na ƙasa ya ɗaga daga daɓe da aƙalla santimita 15, yadda tsintsiya za ta shiga ƙarƙashi.
2. Ka bar tazarar kimanin rabin mita tsakanin buhuna da bango, domin iska ta zagaya, kai ma ka iya dubawa ta baya.
3. Idan daɓen ƙasa ne, ka ɗora kowace ƙafa a kan bulo ko falalen dutse don kada ta nutse ko ta yi tsatsa.
4. Kanta mai tsawo a ɗaure ta da bango da sandar ƙarfe, don kada ta rikito kan yara.
5. Shimfiɗar kowane hawa ta zama ta raga ko ta sanduna masu tazara. Faranti rufaffe yana tare iska.

Tsarin jera kaya

Kaya masu nauyi su zauna a hawa na ƙasa, marasa nauyi a sama. Buhun masara mai kilo 100 bai dace da ƙaramar kantar kanti ba. Ka gaya wa mai walda nauyin da kake son ɗorawa kafin ya yanka ƙarfe. Ka goge duk wani kaifi a jikin kantar, domin huda ɗaya ta isa ta lalata buhun PICS mai ninki uku, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska.

Doya da albasa a jera su ɗai-ɗai, kada a tula su. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko tabarmar kaba don kada ƙarfe ya ƙuje su, domin ta wurin rauni ruɓa take shiga. Irin shuka a zuba shi cikin gwangwani ko kwalba mai murfi, a rubuta sunansa da ranar girbi, a nisanta shi daga rufin kwano saboda zafi yana rage tsirowarsa. Abin da ya fara shiga ɗaki shi ne zai fara fita.

Abin da kanta ba za ta yi maka ba

Kanta ba ta busar da jiƙaƙƙen hatsi. Masara da dawa su bushe har danshinsu ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100, ɓararriyar gyaɗa kuwa kimanin kashi 7. Idan babu na'urar awo, ka zuba hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ka rufe, ka girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, sai a mayar da shi shanya.

Haka kuma kanta ba ta hana ɓera hawa, sai dai ta hana shi maɓoya. Ƙaramin ɓera yana iya shiga ramin da bai wuce kaurin fensir ba, don haka ka toshe ramuka da siminti, ka sa ragar waya a tagogi.

Gargaɗi

Kada ka haɗa takin zamani, maganin feshi ko kananzir da abinci a kanta ɗaya. Taki da gishiri suna cinye ƙarfe, maganin feshi kuma yana gurɓata abinci. Ƙwayar maganin turara hatsi tana fitar da iska mai kisa, kada a taɓa amfani da ita a ɗakin da mutane ko dabbobi ke kwana.

Kulawa

Ka duba kayanka kowane mako biyu: ka nemi garin hatsi a ƙasan buhu, kashin ɓera, wari ko ɗumi a cikin buhu. Kafin sabon girbi, ka kwashe komai, ka share, ka kankare tsatsa, ka sake fenti, ka bar shi ya bushe sarai. Malaman gona su riƙa nuna waɗannan matakai a aikace a gidan manomi ɗaya a kowane ƙauye, domin gani ya kori ji.