Murhun Birni da Itatuwan Ƙasar Sifawa

Sifawa, garin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, yana cikin ƙaramar hukumar Bodinga, kuma shi da ƙauyukan da suka miƙa zuwa Shagari suna daga cikin karkarar da ke ciyar da birnin Sakkwato. Wannan kusanci ne ya sa sauyin yanayi, wato canjin da ake samu a zafi da ruwan sama saboda iskar da ƙona mai da gawayi da itace ke tarawa a sararin samaniya, yake da nasa salo a nan. A Turai da Sin hayaƙin masana'antu da motoci ake tuhuma, a ƙasar Sakkwato kuwa murhun gida da tandar masu burodi suna da kaso babba, domin itacen da suke ci daga karkara ake saro shi, kuma gonar da ta rasa bishiya iska ce ke kwashe ƙasarta.

Hukumomi ba su zauna haka nan ba. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, Nijeriya ta kafa hukumar gudanar da shi a 2015, Sakkwato kuma tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. Sai dai dashen da aka yi ranar biki aka watse ba ya jure rani da bakin awaki, alhali darbejiyar da ke ƙofar gida tana rayuwa saboda akwai mai ba ta ruwa, ya kuma kewaye ta da ƙaya.

Darasi mafi kusa yana ƙasar Maraɗi, inda tun shekarun 1980 manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon da ke fitowa daga kututture a gona, a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a sare sauran har su zama bishiya. Hanyar ba ta buƙatar gandun renon itatuwa ko ban ruwa, kuma an ƙiyasta ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo ya fi dacewa da ita, domin da damina yake kaɗe ganyensa, ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi.

Amma manomin Sifawa zai iya barin gawonsa ne kawai idan kuɗin itace bai fi ƙarfin haƙurinsa ba, wannan kuwa a birni ake yanke shi. Duk lokacin da iskar gas ta yi tsada, gidaje sukan koma ga gawayi, shi ya sa murhu mai rage cin itace da sauƙin farashin gas ya kamata su sami nauyi daidai da dashen bishiya a lissafin gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi.