Wasan Barkwanci A Kafanchan: Gadon Da Ke Jiran Marubuci

Tun da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Kafanchan zuwa Jos a 1927, garin ya zama mahaɗar jama'a. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, Hausawa da Fulani da Yarabawa da Ibo, suka zauna tare da Fantsuwam da maƙwabtansu Kagoro da Bajju da Kaninkon. A cikin abubuwan da suka sauƙaƙa wannan zama har da wasan barkwanci.

Shi wannan wasa yana da doka. Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bagobiri ya tsokani Bayarabe, Bafulatani da Babarbare kowa ya ce shi ne ubangidan ɗan'uwansa. A cikin gida kaka takan kira jikanta miji, taubasai kuma su bi juna kuɗin shara a watan Cika-ciki. Wanda aka yi wa ba'a ba ya fushi, sai dai ya rama da wadda ta fi ta. Watau maganar da a bakin wani za ta jawo faɗa, a bakin abokin wasa dariya take jawowa.

To, amma wasa sai da cuɗanya. Rikicin da ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987, da na bayan zaɓen 2011, sun rage amana, sun raba unguwanni. Yaron da ya tashi bai san abokin wasan kakansa ba, in ya ji ba'a, zagi zai ɗauke ta.

Maganin ɓacewa kuwa rubutu. A ƙasar Kanada, Stephen Leacock ya rubuta littafin ban dariya a 1912 a kan mutanen wani ƙaramin gari da aka gane Orillia ne. Wasu sun ji haushi da farko, amma yau gidansa da ke garin ya zama gidan tarihi. Mu ma a nan, ai Alhaji Abubakar Imam ya bar mana Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja tun 1934.

Saboda haka muna kira ga malamai da ɗaliban kudancin Jihar Kaduna su zauna da dattawa, su rubuta wa ke wasa da wa, da dalilinsa, da Hausa da harsunan yankin, tun masu sani suna raye. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.