Kafin Ki Biya Tela, Juya Rigar Ki Duba Ɗinkin

Uwargida, sau nawa kika karɓo kayan makarantar yara daga wurin tela, ko wata guda ba a yi ba hammata ta ɓalle, wando ya farke? Sau da yawa yadin lafiyarsa ƙalau, ɗinkin ne bai kama ba. Idan kin san yadda miƙaƙƙen ɗinki yake ƙulluwa, za ki gane aikin ƙwarai tun kuɗinki na hannunki.

Keken ɗinki irin Butterfly ko Singer da zare biyu yake aiki. Ɗaya yana saukowa ta allura, ɗayan yana naɗe a ƙaramin kwarkwaro a ƙarƙashin keken. Idan allura ta huda yadi ta fara komawa sama, zarenta yakan ɗan lanƙwashe a ƙasa. Nan take wata ƙugiya za ta cafke shi, ta zagaya da shi bayan kwarkwaron, zaren sama da na ƙasa su sarƙe. Sai keken ya ja su ya tamke, haƙoransa su tura yadin gaba. Elias Howe ne ya yi rajistar keke mai wannan dabara a Amurka a 1846.

Ɗinki mai kyau, mahaɗar zaren tana ɓoye a tsakiyar yadin, shi ya sa gaba da baya suke kama ɗaya. Ki juya rigar. Idan kin ga zare ya yi cunkus a ƙasa, zaren sama ne ya yi sako-sako ko ba a zura shi daidai ba. Idan yadin ya tattare, an matse zaren da yawa. Tazarar kowane taku kusan milimita 2.5 ce a atamfa da shadda. In ta yi faɗi sosai, aikin gaggawa ne, irin na jajibirin Sallah. Ki duba farko da ƙarshen layi ma, ko an maimaita ɗinkin don kada ya warware.

Sai dai wannan ɗinkin ba ya miƙewa. A singileti ko rigar jarirai mai roba, da an ja zai tsinke, don haka ki ce a yi miki zig-zag. A zani, labule, zanen gado da kayan makaranta kuwa, miƙaƙƙen ya wadatar. In kin ga aibi, ki nuna wa telan a take ya gyara, tun kafin ki bar shagon.