Ɗan Cirani Ya Dawo, Me Ya Sa Sai Shago?

A ƙauyukan Tawa da Damagaram, da an gama girbi sai samari su kama hanya: wasu Kano ko Legas, wasu Abijan, masu ƙarfin hali su ratsa Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya. Da yawansu in sun dawo da ɗan abin hannu, abin da ke ransu shi ne injin niƙa, ko babur na kabu-kabu, ko tireda a bakin kasuwa.

Dalili na farko a bayyane yake: babu aikin albashi da ke jiran mutum a ƙauye, gona kuma wata uku ko huɗu take ɗaukarsa. Akwai kuma sana'ar da ya koyo. Wanda ya yi shekaru yana ɗaura tayil ko walda a Sabha ta Libiya ya san hannunsa yana da daraja, ya kuma gaji da zama yaron wani, musamman in ya taɓa yin aikin da aka hana shi ladansa, ba takarda, ba wurin kai ƙara.

Amma a ganina babban dalilin shi ne tsare kuɗin. Ranar da ɗan cirani ya sauka, gari ya sani. Ga tsarabar iyaye, ga ƙane da ke neman sadaki, ga gudummawar biki da suna, ga maƙwabci da yaronsa ke kwance. Ba a cewa babu alhali an san akwai. Kuɗin da ke aljihu kuwa ba ya ganin damina. In ya zama injin niƙa, magana ta canza: "Wallahi Baba, duk na zuba a jari." Kowa ya fahimta, ba wanda zai ce a ɓalle masa wani ɓangaren inji. Kuma an daina kiransa wanda ya je ya dawo, ya zama mai inji.

Wannan duka ga wanda ya shirya dawowarsa ne. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, Hausawa da dama a ciki. A 2011 yaƙin Libiya ya koro dubban 'yan Nijar, har yau kuma Aljeriya na sauke mutanen da ta kora kusa da Asamaka, a bakin iyaka. Irin waɗannan sukan iso ba jari, wasu ma da bashin kuɗin mota. Su tilas ce ke sa su kafa teburin shayi, ko su karɓi kayan sana'a daga hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne bashi. 'Yan uwan da aka kauce wa da jari su ne kwastomomi, kuma "rubuta, sai an yi girbi" takan cinye tireda. Shi ya sa wasu ke kafa shagon a birni, nesa da gida, wasu kuma su damƙa wa ƙane su sake komawa cirani neman abin ciko.